Kayan nutso na gwanjo daga Kwatano, in saya ko in bari?

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum jama'a, ina kwananku. Dan Allah shawara nike so daga wanda ya san abin. Wani abokina da ke aiki a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ya turo min hoton kayan nutso irin wanda ake goya tukunyar iska a baya a shiga ƙarƙashin ruwa, na gwanjo ne, akwai tukunyar, akwai detandar da ake sawa a baki, da gilashin fuska da takalman agwagwa, mai su ya ce jikka ɗari da tamanin duka. Abin da ya sa nike so, duk damina nan Maraɗi sai Gulbi ko tabkunan bayan gari sun ci yara, ga Madarunfa, kun ga abin da ya faru a ambaliyar 2024, kuma kullum mutane bakin ruwa suke tsayawa suna salati ba mai iya shiga. Ni na iya iyo tun ina ƙarami. In na samu kayan ga ko rai guda na fidda ai kuɗina sun biya. Maganar iska kuma akwai mai faci kusa da gidanmu yana da kwampiresa babba. Mi kuka gani?

Na-Mokoyo:
Wa alaikumussalam. Allah shi saka maka da alheri ƙanena, niyya ce mai kyau. Ni dai na ce ka saya, in kuɗin bai kai ba a yi karo-karo nan cikin gurup, ni zan fara.

Ɗan Misira:
Na-Mokoyo dan girman Allah dakata da karo-karon nan tukuna. Ɗan Bagalam ƙanena, ni na koyi nutso a Dahab bakin Bahar Maliya lokacin da nike karatu a Alƙahira, kuma layinka na ƙarshe shi ya tada min hankali. Kwampiresar mai faci ba ta cika tukunyar nutso, ƙarfinta a ma'aunin matsin iska da ake kira bar wajen bar 8 zuwa 10 ne, ita kuwa tukunyar ana cika ta bar 200 ko fiye. Ba ma wannan ne babban haɗarin ba. Iskar mai faci tana fitowa da tururin mai, kuma in injin mai fetur ne ke juya ta tana zuƙar hayaƙin salansa, hayaƙin nan akwai gubar kabon monoksaid a ciki wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kama jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau ɗari biyu da wani abu. A tudu ciwon kai za ka ji ka matsa gefe, a ƙarƙashin ruwa suma za ka yi detandar ta fita daga bakinka shi ke nan. Kwampiresar nutso daban take, irin su Bauer na Jamus, tana da matatai da ake canzawa bayan wasu awoyi na aiki, kuma kuɗinta ya ninka na kayan da kake magana sau da yawa. To ka fara tambayar kanka a ina za ka cika tukunyar in ta ƙare, don ba ta wuce minti arba'in ko hamsin ga sabon shiga.

Ɗan Bagalam:
To yaya, asibiti fa? Ai akwai masu cika tukunyar oksijin ta marasa lafiya.

Ɗan Misira:
A'a, kar ma ka soma. Abin da ke cikin tukunyar nutso iskar da muke shaƙa ce aka matse, kashi 21 oksijin, sauran kusan duka iskar azot ce, wato naitirojin. Oksijin zalla in ka wuce zurfin mita 6 da shi yana zama guba, mutum ya kama jijjiga kamar mai farfaɗiya cikin ruwa. Kuma oksijin mai matsi in ya haɗu da maiƙon da ke cikin detandar da ba a wanke ta don shi ba, wuta yake kamawa.

Anti Majo:
Ɗana bari in shigo ta ɓangarenmu na asibiti, ni abin da nike so ka duba lokaci ne. Yaron da ya nutse, ƙwaƙwalwarsa minti 4 zuwa 6 take jurewa babu iska kafin ta fara lalacewa. Yanzu a ce an kira ka a salula kana Bagalam, ka ɗauko kaya ka ɗaure a babur, ka kai bakin Gulbi, ka haɗa detandar ka goya tukunya, minti nawa ke nan? Ko rabin awa ba ta ishe ka ba. Wanda za ka fiddo gawa ce, fidda gawa kuma aiki ne mai lada ba na raina shi ba, iyaye su samu su yi ma ɗansu sutura, amma ba ceton rai ba ne, kuma ba a gaggawar da za a sa rai na biyu a ciki saboda shi. Ceto a hannun wanda ke tsaye bakin ruwa lokacin yake. Ni abin da ke ƙona min rai, ana kawo mana yaro an juya shi ƙafa sama an ta matsa mishi ciki wai a fidda ruwa, alhali minti ukun da aka ɓata nan su ne na hura mishi iska. A shimfiɗe shi rigingine, a ɗaga haɓa, a hura mishi baki sau 5, in bai motsa ba a danna tsakiyar ƙirji sau 30 a hura sau 2, a ci gaba ba tsayawa, wani kuma ya kira 18, lambar 'yan kwana-kwana. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarshi lau a kawo shi a duba huhu.

Baba na Madarunfa:
Ɗiyana ni masunci ne ɗan masunci, kuma tun kafin a haife ku mu ake kira in ruwa ya ci mutum. Ba mu taɓa goya tukunya ba. Numfashi guda muke ja mu sauka, mu lalaba mu hau, in ba a samu ba a ja koma ko a sa gora mai ƙugiya daga cikin jirgi. Ni ban ga abin da kayan Turawa za su ƙara a tabkinmu ba. Wanga gilashi da kake cewa mi za ka gani da shi? In damina ta sauka ruwan ja yake jawur, hannunka ma ba ka gani in ka miƙe shi. Ƙasa kuma laka ce da tsofaffin taru da mamari da aka bari, da rassan itace. Mutum tsirara da wando yana zamewa ya fita, mai ƙarfe a baya da igiyoyi suna reto in taru ya kama shi ta baya wa zai kwance shi?

Ɗan Misira:
Baba wallahi maganarka ta taru ita ce gaskiyar da malamanmu ke nanatawa, shi ya sa ba a shiga sai da wuƙa ko almakashi, kuma ba a shiga mutum ɗaya. Inda zan ɗan saɓa maka da girmamawa, kayan suna da amfani in wurin ya yi zurfin da numfashi guda ba ya kaiwa, ko mota ta faɗa da mutane, amma wannan aikin ƙungiya ne, mai nutso yana ɗaure da igiya, wani na riƙe da ita a sama suna magana da jan igiyar, na uku kuma yana zaune shirye da kayanshi don in na farko ya maƙale. Abu ɗaya kuma Baba dan Allah a gaya ma samarinku, masu jan numfashi da sauri-sauri sau da yawa kafin su sauka don su daɗe, su bari. Yana kashe alamar da jiki ke bayarwa ta cewa ka hau, sai mutum ya suma a ƙasa bai ji komi ba.

Ɗan Bagalam:
Na ji duka kuma na gode. Amma yaya Ɗan Misira duk haɗarin da nike karantawa na masu zuwa mita talatin arba'in ne cikin teku. Mu nan ruwanmu 'yan mitoci ne, wani wurin ma tsayin mutum biyu. Ni gani nike a irin wannan zurfin ko ban je lakkol ba in na kalli bidiyo a YouTube na gwada a hankali zan iya.

Ɗan Misira:
Nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, bari in yi maka lissafin. A tudu matsin iska bar 1 ne. Duk mita 10 da ka sauka ana ƙara bar 1, ke nan a mita 10 bar 2, a mita 20 bar 3, a mita 30 bar 4. Duba da kyau, daga sama zuwa mita 10 matsin ninkawa ya yi, daga mita 30 zuwa 40 kuwa daga 4 ne zuwa 5. Ashe canjin da ya fi tsanani yana can kusa da sama, inda kake cewa ba komi. Baba in ya ja numfashi a sama ya sauka, iskar huhunshi matsewa take, in ya hau ta koma yadda take, ba matsala. Kai kuma a ƙasa ka cika huhunka daga tukunya, in wani abu ya taɓa ƙafarka cikin duhu ka firgita ka riƙe numfashi ka yi sama, iskar kumbura take a cikin ƙirjinka, huhu ya yage, kumfar iska ta shiga jini ta tafi ƙwaƙwalwa. Wannan yana faruwa a zurfin da bai kai mita 2 ba, an gani a pisin ma, wato kwamin iyo da aka gina. Dokar farko da ake koya ma kowa, kar ka taɓa riƙe numfashi. Faɗarta ba wuya, amma mutum in ya tsorata riƙe numfashi jikinshi ke yi da kanshi, sai an yi ta maimaitawa da malami a gabanka, ya sa ka cire detandar ka nemo ta, ya sa ka cika gilashin da ruwa ka fidda shi da hanci, ya rufe maka tukunya ka ji yadda ƙarewar iska take ka karɓi ta abokinka, har jikin ya saba. Bidiyo ba ta riƙe ka in ka zabura.

Na zurfin da ka karanta shi ma gaskiya ne. Azot yana narkewa cikin jini gwargwadon zurfi da daɗewa, in ka hau da sauri ya yi kumfa kamar kwalbar lemu da aka buɗe farat ɗaya, ciwon gaɓoɓi ko shanyewar jiki. Don haka ake hawa a hankali, kwamfutocin hannu na yanzu wajen mita 9 ko 10 a minti suke bari, a tsaya minti 3 a mita 5. A jadawalin lokacin zama ƙarƙashin ruwa na PADI, ƙungiyar da ke koyar da nutso, mita 18 minti 56 ne iyaka, mita 30 minti 20 kacal. Kuma jadawalin nan an yi shi don wurin da bai wuce mita 300 sama da teku ba, Maraɗi ta haura haka, ke nan ko lissafin sai an gyara shi a nan.

Tsohon Soja:
Ina bin maganar tun safe. Ƙanena ka tuna yaran nan 'yan ƙwallo 12 da kocinsu da ruwa ya rufe a kogon Tailan a 2018. An fidda su duka, amma Saman Kunan, tsohon sojan ruwa ne ƙwararre, ya rasu a ciki yana kai tukwanen iska. Ruwan laka ne mai duhu irin wanda Baba ke faɗi. Wanda aikinshi ke nan shekara da shekaru ke nan fa. Ni shawarata in zuciyarka na kan ceto ka je wurin 'yan kwana-kwana ko Croix-Rouge ka nemi horon agajin gaggawa, ka ga ta inda ake shiga.

Na-Mokoyo:
To na janye maganar karo-karo a kan tukunya. Amma tambaya, kayan ba za su yi amfani a rijiya ba? Ƙauyenmu wajen Tibiri an taɓa rasa mutum biyu rijiya ɗaya, na farko ya shiga yasa bai fito ba, na biyu ya bi shi.

Tsohon Soja:
Allah shi jiƙansu. Wannan yawanci ba ruwa ke kashewa ba, iskar ƙasan rijiyar ce ta lalace, ko an kunna motar famfo mai fetur a ciki ko bakinta hayaƙi ya sauka ya zauna. Na biyu kusan kullum haka yake tafiya. Ba a bin mutum rijiya sai da ɗamara da igiya da mutane a sama, a fara kora iska ciki. Na'urar numfashi da 'yan kwana-kwana ke goyawa ta hayaƙi ce, wannan aikinta ne, ba a nutso da ita, ta nutso kuma a rijiya mai ƙunci tukunyar ma maƙalewa za ta yi.

Maman Nana:
Ni tambayata daban ce, ku yi haƙuri. Ɗiyata tana karatu a Dakar, ta ce ƙawayenta na zuwa koyon nutso tana so ta bi su. Babanta ya ce a'a saboda sutura, ni kuma tsoron lafiyarta nike.

Ɗan Misira:
Hajiya a Dakar akwai Oceanium, tsohuwar cibiya ce, wurin Haidar El Ali wanda ya taɓa zama ministan muhalli na Senegal. Maganar sutura, rigar nutso tana rufe jiki daga wuya har idon sawu, akwai mai hula, kuma a Misira na ga mata da yawa suna ɗora doguwar riga ta iyo a kai. Ta tambaya ko akwai malama mace. Abin da za ta duba, malamin yana da katin koyarwa na ɗaya daga ƙungiyoyin nutso, PADI ko SSI ko CMAS, kuma ɗalibai nawa yake shiga da su lokaci guda. Matakin farko na PADI sai ka yi iyon mita 200 ka kuma tsaya kan ruwa minti 10, sannan darasi 5 a pisin ko ruwa marar zurfi, da nutso 4 a teku, katin ya ba ka izinin sauka har mita 18. Na CMAS tauraro ɗaya mita 20 ne. In za ta taho gida ta jirgi ta bar awa 12 bayan nutso guda, awa 18 in ta yi da yawa.

Anti Majo:
Maman Nana kafin komi ta ga likita ya sa hannu. Mu nan abin da ya fi damunmu sikila, mai SS ko SC kar ya kusanci abin ga. Haka mai farfaɗiya, mai asma da ke tashi, mai ciwon zuciya, da mace mai ciki. Ranar da take mura ma ta haƙura, kunne ba ya daidaita matsi in hanci ya toshe, dodon kunne na iya fashewa. Da azumi kuma gara a bari sai bayan salla, ƙarancin ruwa a jiki yana ƙara haɗarin ciwon kumfar nan. Kai kuma Ɗan Bagalam tunda kana shiga tabki kullum ka zo a auna fitsarinka, tsargiya ta yi yawa ga masu shiga ruwan kwance, maganinta praziquantel ne yana nan.

Ɗan Kwatano:
Ni ina nan Kwatano kuma na san irin kayan da ake magana, yawanci daga jiragen da aka kwance suke fitowa, wasu sun shekara goma a ajiye cikin gishiri. In ma wani zai saya wata rana, a duba wuyan tukunyar, akwai hatimin da aka buga na ranar gwajin matsi na ƙarshe, a wurare da yawa duk shekara 5 ake yi, kuma duk shekara ana kwance bakin a leƙa ciki da fitila don tsatsa. Fenti sabo a waje ba ya nuna komi, wani ma rufe ciwo ake da shi. Tukunya mai lita 12 a bar 200 lita 2400 na iska ke matse a ciki, in ta fashe wurin cikawa tana kashe mai cikawar. Sannan a jerin da ya faɗa ban ji rigar iska da ake hurawa ta riƙe mutum kan ruwa ba, ban ji agogon da ke nuna sauran iska ba, ban ji detandar ta biyu ba, ban ji ɗamarar darma mai saurin kwancewa ba. Ke nan rabin kaya ne. Detandar kuma robobin cikinta bushewa suke, sai mai gyara da ya koya ya canza su da na kamfanin.

Wani abu kuma, nutso sana'a ce mai ci, a tashoshin ruwa ana neman masu walda da masu duba ƙasan jirgi, amma makarantarta daban ce da ta yawon buɗe ido. Ku nemi labarin Harrison Okene, kuku ne a jirgin da ya kife gaɓar Najeriya a 2013, ya yi kusan awa 60 cikin 'yar iskar da ta maƙale a zurfin mita 30. Da masu nutso suka same shi ba su hau da shi kai tsaye ba, sai da ya yi kwanaki cikin akwatin rage matsi, da sun fito da shi haka nan da ya mutu a hannunsu. Daga baya shi da kanshi ya je ya koyi aikin ya samu diflom.

Ɗan Bagalam:
Yaya Ɗan Misira to in mutum yana da kuɗi kaɗan kuma yana son abin da gaske, mi zai fara saya?

Ɗan Misira:
Kuɗin koyo tukuna, makaranta ita ke ba ka tukunya da detandar da riga duk cikin kuɗin. Naka na kanka gilashin fuska kawai, shi ma sai ka gwada, ka ɗora a fuska ba tare da igiyar ba ka ja iska da hanci, in ya manne bai faɗi ba ya yi maka. Sai takalma daidai ƙafarka. Tukunya ita ce ta ƙarshe, masu nutso da yawa har su tsufa haya suke.

Baba na Madarunfa:
Ɗana in ceto kake so zo nan ka kwana biyu wurinmu in nuna maka yadda ake kama wanda ke nutsewa ta baya, don ta gaba shaƙe ka zai yi ku tafi tare. Kuma kafin ka shiga ma, bido fanko mai murfi ka ɗaura ma igiya ka jefa mishi, yana ɗaukar babban mutum.

Ɗan Bagalam:
Baba na karɓa, ranar Lahadi in sha Allah zan shigo da safe. Na gaya ma abokina ya bar kayan. Nutson dai ban fidda rai ba, zan tara in je Dakar in Allah ya hore. Kuɗin da ke hannuna ina so in sayi igiya da bido da rigunan ceto a ajiye wuraren da yara suka fi shiga. Anti in na tara samarin kartiyenmu kamar ashirin za ki zo ki nuna mana danna ƙirjin nan?

Anti Majo:
Zan zo ɗana, Asabar bayan la'asar ba ni da gadi. A samo tabarmi, kuma a kira mata su ma, su ke wanki bakin ruwa.

Na-Mokoyo:
Karo-karon ya koma kan rigunan ceto ke nan. Ɗan Kwatano ka tambayo mana kuɗin guda ɗaya can wajenku, da na yara da na manya.